Daren da Auta ya kai ni kallon dambe

Na san kina ganin kan wannan rubutu za ki ce, ita kuma wannan mai jikoki me ya haɗa ta da dambe? Ba ki yi laifi ba. Ni tun ina yarinya ko kalangun 'yan dambe na jiyo daga bayan gari sai in sauya hanya, don ba na iya kallon mutum yana naushin ɗan'uwansa. Amma sau ɗaya a rayuwata na zauna na kalli dambe tun daga turmin farko har na ƙarshe, kuma ga shi shekaru sun ja, abin da na gani a daren bai bar zuciyata ba. Ki ba ni aron kunnenki.

A watan Fabrairun 2015 na je Landan wurin autanmu. Matarsa ce ta haihu, mahaifiyarta kuma ba ta samu biza ba, sai aka ce ni da nake babbar yaya in je in kama mata. Shi Auta ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a can, kuma duk 'ya'yansa can aka haife su. Babbar 'yarsa, wadda ta ci sunan mahaifiyarmu muke ce mata Ummi, lokacin shekararta 12. Ta ɗauko launin gidanmu sak, baƙa ce mai sheƙi, ga dogon wuya ga fararen haƙora.

Ranar da na sauka, ana cikin buɗe tsaraba, ga yaji ga kuka ga daddawa, sai na jawo yarinyar jikina na ce, "Kai Ummi, duk sanyin ƙasar nan bai sa kin yi haske ba?" Aka yi dariya. Na laluba jaka na ciro wata 'yar kwalba ta haɗin mai da wata mai gyaran amare a unguwarmu ta haɗa mini, na miƙa wa uwarta, na ce a riƙa shafa mata kaɗan-kaɗan da dare, ai ba bilicin ba ne, fito da launi kawai yake yi. Kin dai san yadda muke faɗa. Auta yana zaune a gefe, bai ce uffan ba. Mu gidanmu ƙani ba ya mayar wa yayarsa magana a gaban mutane, ballantana ni da na goya shi.

An yi kamar wata guda da wannan, cikin Maris, sai ya dawo daga aiki ya ce, "Yaya, gobe ki shirya da wuri, zan kai ki gidan wasan kwaikwayo." Na ce wane irin wasa? Ya ce na wani ɗan dambe ne. Na ce a kai kasuwa, ni da ko fim ɗin faɗa aka sa a gida tashi nake yi. Ya ce ya riga ya sayi tikiti biyu, kuma ya yi mini alkawari ba zan ga jini ba. Da na ji kuɗin tikitin na lissafa shi da naira, sai na ga asarar ta fi ƙarfina, na ce to Allah ya kai mu.

Muka yi magariba a gida muka fita. Gidan wasan sunansa Bush Theatre, yana unguwar Shepherd's Bush a yammacin Landan, kusa da wata kasuwa da layin masu sayar da yadi, inda da rana ce da ba inda za ni sai na gama taya leshi. Ginin tsohon ɗakin karatu ne aka mayar gidan wasa. Ni a zatona zan ga katafaren zaure irin na sinima, sai ga ɗan ɗaki da bai fi zauren taron makarantar da na koyar ba, kujeru dab da 'yan wasa har kana jin numfashinsu. Yawancin masu kallo Turawa ne, da ɗaiɗaikun baƙar fata, ni kaɗai ce mai mayafi. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni ta matsa mini, ta yi mini murmushi, ta miƙo mini alewa.

Sunan wasan The Royale, wani Ba'amurke Marco Ramirez ya rubuta shi, kuma an fara nuna shi a Amurka a 2013. 'Yan wasa biyar ne kacal, maza huɗu da mace ɗaya. Auta bai yi mini ƙarya ba, har aka tashi ban ga naushi ɗaya ya sauka a jikin kowa ba. Da tafi da buga ƙafa a kan katako suke yin damben. Wannan zai kai hannu a iska, sauran su buga ƙafa a tare, dum, sai ki ga wancan ya yi tangal-tangal kamar an fasa masa haƙarƙari. Wallahi 'yar'uwa ya fi na gaske tsoratarwa, don a ƙirjinki kike jin bugun. Sau biyu ina damƙe hannun Auta ban sani ba.

Labarin wani baƙar fata ne mai suna Jay, gwanin damben zamani a Amurka shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Ya kashe duk 'yan damben da ke baƙar fata, babu sauran mai ja da shi, amma zakaran duniya na ajin masu nauyi Bature ne, kuma a lokacin ana ganin ƙasƙanci ne Bature ya shiga fili ɗaya da baƙi. Da ƙyar zakaran, wanda ya riga ya yi ritaya, ya yarda zai dawo su kara, bisa sharaɗin shi zai kwashe kusan duk kuɗin wasan, ko ya ci ko an cinye shi. Jay ya ce ya ji ya gani. Turancin nasu na Amurka ne, ga sauri, duk inda ya kuɓuce mini sai Auta ya raɗa mini a kunne.

Akwai wurin da tsohon mai horar da Jay ya ba da labarin ƙuruciyarsa, kuma daga nan wasan ya samo sunansa. A kudancin Amurka, Turawa kan tara yara baƙar fata, a ɗaure musu idanu, a zuba su fili ɗaya su yi ta jibgar juna, masu kallo na shan giya suna watsa musu kwabbai, wanda ya rage a tsaye shi ne mai tsinta. Na ɗauka ƙirƙirar marubuci ce, sai Auta ya ce a'a, an yi wannan sosai. Na tuna damben namu na gida. Shi ma ana karya haƙori, ana zubar da jini, ban taɓa son sa ba. Amma ɗan damben namu da kansa yake shiga fili, makaɗi na kiran sunansa da na garinsu, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago har sunansa ya zaga ƙasar Hausa. Waɗannan yara kuwa ko suna ba a tambayarsu.

Shi Jay ɗin an gina shi ne a kan mutum na gaske, Jack Johnson, kuma bayan na dawo gida na sa jikana ya nemo mini tarihinsa na karanta. An haife shi a 1878 a garin Galveston na jihar Teksas, iyayensa kuwa bayi ne da aka 'yanta. Ya yi ta bin zakaran duniya na lokacin, Tommy Burns, ƙasa-ƙasa yana neman su kara, har ya cim masa a Sidni ta Ostireliya ranar 26 ga Disamba, 1908, ya lallasa shi, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kambu. Abin ya tsaya wa Turawan Amurka a maƙogwaro. Suka yi ta neman farin da zai ƙwato musu, daga ƙarshe suka lallabo tsohon zakara James Jeffries, wanda ya yi ritaya ba a taɓa cin sa ba. Aka haɗu a garin Reno na jihar Nevada ranar 4 ga Yuli, 1910, wato ranar bikin 'yancin kan Amurka. A turmi na 15 Johnson ya yi ta kai shi ƙasa har aka tsayar da wasan.

To a nan ne mace ta shigo. Tun farkon wasan babu mace ko ɗaya, sai ana gab da babban damben sai ga wata ta bayyana da hula da 'yar jakarta, ta tsaya ƙyam. Yayar Jay ce, Nina, ta yi doguwar tafiya daga garinsu. Na zaci addu'a ta zo yi masa. Ashe zuwa ta yi ta gaya masa abin da ba wanda ya yarda ya faɗa masa: idan ya ci wannan dambe, shi yana da masu gadi, amma baƙaƙen da ke ƙananan garuruwa ba su da kowa, kuma a kansu za a huce. Tana da 'ya'ya maza a gida. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, magana take yi irin ta yayar da ta san tun ranar da aka yanke wa mutum cibiya.

'Yar'uwa, a nan na daina kallon wasa na shiga cikinsa. Ki tuna watan da muke ciki. Saura 'yan kwanaki a yi zaɓen 28 ga Maris, 2015, ni ina Landan, 'ya'yana maza biyu suna Kaduna. Ban manta Afrilun 2011 ba, lokacin da faɗin sakamako ya zama wuta a garuruwanmu, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800. Na kwana uku a lokacin ina ƙirga yarana kamar kaza da 'yan tsakinta. Don haka na san wannan tsoro na macen da ba ita ke takara ba, ba ita ke fili ba, amma ta san ko wa ya ci, ɗanta ne a kan titi. A zuciyata na ce, gaya masa gaskiya baiwar Allah, ya haƙura da kambun nan, rai ya fi. Na bi bayan Nina ɗari bisa ɗari.

Kuma tarihi bai ƙaryata ta ba. A daren da Johnson ya ci Jeffries, labari ya bazu ta wayar tangaraho, mutane sun yi cincirindo a ƙofar gidajen jaridu suna jira. Kafin gari ya waye rikici ya ɓarke a birane da dama na Amurka, aka kashe kimanin mutum 20, akasarinsu baƙar fata, aka raunata ɗaruruwa. Garuruwa da yawa suka hana nuna fim ɗin damben, a 1912 ma majalisar ƙasar ta yi dokar hana ɗaukar finafinan dambe daga jiha zuwa jiha. Shi kansa Johnson bai tsira ba. Mutum ne mai son nuna isa, ga motoci ga haƙoran zinare, ga auren fararen mata, kuma ba zan ce miki halinsa da mata abin koyi ba ne, don an shaide shi da dukan matarsa. Amma abin da aka kama shi da shi a 1913 kowa ya san launinsa ne ya ja masa. Aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya, ya gudu ya bar ƙasar, ya rasa kambun a Kuba a 1915, ya dawo a 1920 ya yi zaman gidan yarinsa. Ya mutu a haɗarin mota a 1946, sai a 2018 gwamnatin Amurka ta yafe masa laifin, yana kabari shekara 72. Bayansa kuwa ba a sake barin baƙar fata ya riƙe wannan kambu ba sai Joe Louis a 1937.

Mu koma ɗakin wasa. Ina nan na gama yanke hukunci cewa Jay son kai ne da neman suna ke ɗibarsa, sai ya buɗe baki ya faɗi dalilinsa. Ya tuna suna yara, yayarsa takan tsaya tana kallon hotunan tallan da ake mannawa a gari, duk fararen mata ne masu gashi mai santsi, babu ko ɗaya mai kama da ita. Wata rana ya same ta tana ƙoƙarin miƙar da gashinta da ƙarfe mai zafi don ta yi kama da su, har ta ƙone fatar kanta. Yana yaro ya ga wannan, kuma bai taɓa mantawa ba. Abin da yake so shi ne a wayi gari fuska irin tasu ce a jikin bango da shafin farko na jarida. Ashe wadda ta zo hana shi, ita ce mafarin damben tun asali.

Ban juya na kalli Auta ba, shi ma bai kalle ni ba. Wannan karon bai raɗa mini fassara ba, ya san na ji. Hannuna kawai na ji ya kai kan kumatuna.

Duk wadda ta san ni ta san ina da tabo biyu baƙaƙe a saman kumatu, waɗanda nake rufewa da hoda. Mutane na ɗauka na haihuwa ne. A 1984 aka sa ranar aurena ina da shekara 19, sai magana ta dawo mini cewa wata daga dangin mijin ta ce yarinyar ba laifi, sai dai baƙa ce. Kalma ɗaya ke nan, kuma wataƙila ita ta manta ta faɗa kafin ta kai gida. Wata ƙawata ta rubuta mini sunan wani sabulu da wani man bututu a takarda. Ni budurwa ce da aka sa wa rana, ba na fita, saboda haka yaron gida na aika kantin magani, na ba shi kwabo goma na alewa na ce kada ya gaya wa Inna. Sati uku ina shafawa dare da rana. Na yi haske kam, har ana cewa amarci ya karɓe ni tun kafin a ɗaura. Ana saura kwana goma biki fuskata ta kumbura ta yi jawur, fatar kumatuna ta saluɓe tana ruwa. Cikin dare na zauna ina kuka a hankali don kada a ji, yaron nan yana riƙe mini da fitilar ƙwai da madubi. Shekararsa 9. Ban taɓa kawowa a raina cewa yana gani ba, a wurina mai riƙe fitila ne kawai.

Turmin ƙarshe na wasan ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Ba a taɓa nuna Baturen zakaran ba. Da aka buga ƙararrawa, Nina ce ta tsaya a matsayinsa, wato da yayarsa yake dambe, da maganarta da tsoronta. Ya ci, ya zama zakaran duniya. Amma saurayin da yake taya shi atisaye, yaro mai fara'a da duk muka saba da shi tun farkon wasa, ya tafi cikin gari sauraron yadda za ta kaya a tsakiyar Turawa, kuma bai dawo ba. Fitilu suka mutu. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci kafin a fara tafi. Tsohuwar da ta ba ni alewa tana share ido, ni ma haka, sai dai ba abu ɗaya muke wa kuka ba.

Har yau in kin tambaye ni wa ya fi gaskiya tsakanin Jay da yayarsa, ba zan iya raba miki gardama ba. Uwar da ke cikina tana tare da Nina har gobe. Amma na ga abin da ake gada idan kowa ya yi ta sunkuyar da kai don a zauna lafiya, tunda ni na ɗauko shi a kwalba tun daga Kaduna, na tsallaka teku da shi, na kawo wa yarinya 'yar shekara 12 a matsayin tsaraba.

A motar bas ta komawa gida muka hau bene muka zauna a gaba. Mun yi nisa ba mai magana. Can na ce, "Auta, da gangan ka kawo ni ko?" Ya ce, "Yaya, na kalle shi makon jiya da abokan aikina. Tun da matar nan ta fito nake ganin ki." Na ce ashe kana tune. Ya ce yana tune har da launin takardar da aka naɗe man a ciki, kuma alewar da ya saya da kwabo goman nan bai iya shanye ta ba. Ya ce shekara da shekaru yana ganin kamar shi ya ƙona mini fuska, tunda shi ya sayo. A wurin aikinsa kuma ya ga matan da irin waɗannan mayuka suka lalata wa fata, wasu har ƙoda, saboda sinadarai irin su makyuri da ake zubawa a ciki, kuma duk wadda ya gani sai ya tuna daren fitilar nan. Sannan ya ce, "Ummi ita kaɗai ce baƙa a ajinsu. Abin da take ji a waje ya ishe ta, Yaya. Ban so ta ji shi a bakinki ba, don ke take gani kamar Inna."

Ban taɓa ba Auta haƙuri ba tun da aka haife shi, a tsarin gidanmu babba ba ya laifi. A saman bas ɗin nan na ba shi. Ya ce, "Haba Yaya," ya juya yana kallon taga.

Da safe bayan ya fita na samu matarsa a kicin na ce ta ba ni kwalbar nan. Ta ce ai tun daren da na kawo ta Baban Ummi ya jefa ta a shara. Na ce alhamdu lillahi. Ta ɗan yi shiru tana juya kunu, sannan ta ce, "Sai dai Yaya, sau biyu Ummi tana tambayata ina man da Gwaggo ta kawo mata."

Ranar Asabar na ce yarinyar ta zo in yi mata kitso. Ta zauna a tsakanin ƙafafuna, na tsefe gashin nan mai cika da tauri irin na Inna, na shafa masa man kaɗanya, na fara yi mata shuku. Da gangan ban shafa hoda ba a ranar. Da na gama gefe ɗaya na miƙa mata madubi ta duba, sai ta karkata shi ta hango fuskata ta bayanta. Da Hausarta mai ɗan tsami ta ce, "Gwaggo, me ya same ki a nan?" Na ce ta riƙe madubin da kyau kada ta motsa kai, labarin yana da ɗan tsawo, kuma babanta ma yana ciki.